Kaka Ta Yi, A Fito da Yara

A unguwarmu, nan Runjin Sambo, dakalin ƙofar gidan Alhaji ne ke gaya mana kaka ta shigo. Ranar da aka idar da sallar Isha'i aka shimfiɗa tabarma a waje, kuma ba wanda ya ɗaga kai yana duban gabas don tsoron hadari, to damina ta yi sallama. Haka aka yi a daren shekaranjiya. Mai shayi ya kawo butarsa, muka kewaye shi, sai dattijon da ke mana limanci ya shaƙi iska ya ce, "Kun ji ta? Iskag ga ta juya. Ruwa ya tahi, sai baɗi in da rai." Muka ce, "Allah shi kai mu."

Liman yana da lissafin taurari irin na malaman da. Ya ce kaka taurari bakwai gare ta, kowane yana kwana goma sha uku, Sarfa ce ke buɗe musu ƙofa. A lissafi wata uku ke nan, amma duk wanda ya girma a Sakkwato ya san kwanakin da yaro zai yini a waje cikin jin daɗi ba su kai haka ba. Da bazara zafi kan wuce digiri 40, ƙasa ta ƙi takuwa. Da damina ga taɓo, ga sauro, ga zazzaɓi. Hunturu kuwa in ya kankama, ƙura ta rufe gari, sai tari da kaushi da jan ido. Tsakanin tafiyar ruwa da zuwan hazo, nan Allah ya ajiye mana 'yan makonni masu sanyin safiya da farin wata, gona cike, kasuwa cike. Shi ya sa hirar dakali ta koma kan yara nan take.

Maƙwabcina direba ne ya fara. Ya ce bara ya ɗauki ɗansa zuwa gonar ƙanen babansa, ya ce masa za su ci gujjiya sabuwa, wato gyaɗa a bakin mutanen Kano. Da suka isa, sai ya ga yaron yana ta ɗaga kai yana leƙen rassan itatuwa. Ya tambaye shi abin da yake nema, yaro ya ce yana neman itacen da gujjiyar ke rataye ne. Muka yi dariya, amma Liman bai yi ba. Ya ce, "Ba laihin yaro ba na. Wa yak kai shi yag gani?" Dakali ya yi tsit. Gaskiya ya faɗa. Yaranmu sun san mudu, sun san injin niƙa, sun san tuwo a kwano. Abin da ke tsakanin ƙasa da kwano ne ba mu nuna musu ba.

To mu dai a layinmu mun ɗauki al'ada, shekara ta huɗu ke nan. Da zarar kaka ta kama, sai mu tsayar da rana. Samun ranar ma aiki ne, don yaron yanzu ba shi da sarari: boko daga Litinin zuwa Juma'a, Islamiyya Asabar da Lahadi, makarantar allo kuma hutunta Alhamis da Juma'a ne. Sai mu je mu gaida malamin Islamiyya mu roƙi safiyar Asabar ɗaya ko biyu, bai taɓa hana mu ba, sau ɗaya ma ya biyo mu. Hutun 1 ga Oktoba kuwa ba ma barinsa ya wuce a banza. Mai mota ya kawo mota, mai babur ya kawo babur, a ɗauki shatar Keke Napep biyu a yi karo-karo. Dokarmu guda ce: ba a ɗaukar 'ya'yan gida a bar na maƙwabta. Marayun da ke gidan ƙarshen layi su ake fara zaunarwa. Ɗa na kowa ne.

Iyaye mata tun dare suke shiri. A dama fura, a zuba a jarka, a ɗaure ƙuli-ƙuli da yaji a ƙulli, a cika gorunan ruwa. A nemo wa kowane yaro takalmi mai rufi da hula. Bayan sallar Asuba, kafin rana ta yi ƙarfi, mun kama hanyar jami'a, mun gangara wajen Kwalkwalawa da Dundaye, inda da yawa daga cikinmu ke da ɗan'uwa ko aboki mai gona. Tafiyar ba ta da nisa, amma yaro na ganin kamar wata ƙasa aka kai shi. Ga jakuna ɗauke da dammuna, ga amalanke, ga raƙumi yana tafe da kayan kara yana rangaji, yara na ihu suna nuna shi kamar ba su saba ganinsa a Kasuwar Kara ba.

Farkon kaka na tumu ne. Wanda bai ci tumu a bakin gona ba, ba zai gane abin da nake nufi ba. Mai gona zai shiga cikin hatsin, ya zaɓo zangarniyar da ta cika ido amma ba ta bushe ba, ya karyo goma ko ashirin. A haɗa 'yan karare a kunna wuta, a riƙa juya zangarniya a kan harshen wutar har ta fara ƙara tas-tas, ƙanshi ya tashi. Sai a ba yaro, a ce ya murza tsakanin tafin hannunsa, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa a baki. Na tsaya ina kallon autata, shekararta shida, ta murza, ta hura da ƙarfi har rabin ƙwayar ya bi iska. Mai gona ya durƙusa gabanta ya kama hannuwanta biyu ya ce, "Sannu-sannu, ɗiyata. Hatsi ba ya son gaggawa." Ta sake hurawa a hankali, ƙaiƙayi ya tashi, ƙwaya ta zauna a tafinta, ɗumi-ɗumi. Ta dube ni, ta dubi hannunta, ta ce, "Baba, wannan ne furarmu?" Na ce shi ne. Tun daga ranar ba ta sake barin fura a kofi ba.

In aka shiga Oktoba sosai, sai tonon gujjiya da kwaruru. A nan yara ke zama ma'aikata na gaske. Babba ya sa fartanya ya ɗaga, yaro ya kama ganyen ya fizgo, sai ga 'ya'yan sun fito reto-reto da ƙasa a jikinsu. Ɗan direban nan da ya nemi itacen gujjiya, daga baya shi ke koya wa ƙannensa yadda ake kaɗe ƙasar. Idan an gaji, a tara busasshen ganye da kara, a jefa gujjiyar a ciki da ɓawonta, a cinna wuta. Wutar na mutuwa a rufe da yashi mai zafi, a ɗan jira. Daga nan kowa ya nemi tsinke, a zauna a kewaye toka ana tono ana ci, baki ya yi baƙi, hannu ya yi baƙi, ba a gane ɗan Alhaji da ɗan mai gadi. Wani lokaci a binne kudaku a ƙarƙashin tokar, a manta da shi sai an tashi tafiya, a tono shi ya nuna lugub.

Bayan mai gona ya gama kwashe amfaninsa, akwai kala. Tun kakanni, abin da ya saura a ƙasa bayan girbi na yara ne da tsofaffi da marasa gona. Mukan ba kowane yaro ɗan kwano mu ce ya bi kunya-kunya ya tsinto abin da ya tsere wa manya. Abin da ya samu nasa ne. Wani ya kai wa mahaifiyarsa, wani ya sayar ya sayi fensir. 'Yan mata kuma su bi gwaggonninsu roron wake, ko tsinkar zoɓo idan Nuwamba ta kama, yatsu su yi ja kamar an sa lalle.

Akwai abin da ba ma bari ya wuce su, shi ne ƙirgar dami. Idan an ɗaure hatsi an jera, mai gona kan kira yaran ya ce su ƙirga da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, har tara, na goma a janye shi gefe. Nan ake gaya musu wannan ba namu ba ne, zakka ce, haƙƙin mabuƙata ne idan amfani ya kai nisabi: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga wanda aka sha wahalar ban-ruwa. Sun karanta wannan a Islamiyya, amma ranar da yaro ya ja damin da hannunsa ya ji nauyinsa, ranar karatun ke zama. Gani ya kori ji.

Ba a dawowa daga gona hannu sake. Kowane yaro da ƙunshin kara a hammata, don a kaka kara shi ne kasuwar kayan wasa. A fere ɓawon a fitar da totuwa, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a soke da siraran ɓawon, kafin la'asar sai ga mota, ga tabarau, ga jirgin sama, ga gadon 'yar tsana. Tayar mota daga sakaina ake yanko ta ko tsohon silifa. Wani tsohon kafinta a layinmu, wanda ciwon ƙafa ya hana shi fita, a kaka yake samun baƙi. Yara su cika masa zaure, yana nuna musu yadda ake sa wa motar kara sitiyari mai juyawa, yana faɗa idan aka riƙe reza ba daidai ba. Ya ce mana watanni ukun nan su ne ba ya jin kaɗaici. Masu son zaƙi kuma a samo musu takanɗa su yi ta tsotso.

Farautar fara ma tana nan. Da sanyin safiya, raɓa ta jiƙa mata fukafuki ba ta iya tashi, sai yara su bi ciyawa suna kamawa suna zubawa a gora. A gida a cire fukafukan, a tafasa, a shanya, a soya da yaji da gishiri. Sai dai mun kafa sharaɗi: ba a kamun fara a gonar da aka yi wa feshi, sai an tambayi mai gona tukuna. Da yamma kuwa akwai aikin da ba ya ƙarewa, cire ƙarangiya daga wando da zane da safa. Iyaye mata su zauna da yaro a gaba suna tsincewa ɗaya-ɗaya, yana ba su labarin raƙumi. Mahaifiyata, wadda ta haura tamanin, takan jawo jikanta ta ce, "Zo nan, maigidana, in gani ko ka yi noma." Idan ta ga ƙarangiya a ƙafar wandonsa sai ta ce, "Madalla, yau ka ci tuwona da haƙƙinka." Kaka biyu ke nan suka haɗu a kan yaro guda, ta gona da ta ɗaki.

Gulbi kuwa muna zuwa, amma da ido a buɗe. A nan kusa da gari Gulbin Rima da Gulbin Sakkwato suke haɗuwa, kuma a farkon kaka ruwa bai gama janyewa ba. Duk wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar jami'a ya cinye gonaki da gidaje, ba ya wasa da Rima. Muna tsayawa a kan tudu, yara su kalli masunta suna jefa birgi, su kalli shinkafa ta sunkuyar da kai a fadama, da yaran ƙauye masu korar tsuntsu da gwangwanaye a igiya. Su ga balbela, su ga agwagin ruwa, har da tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai su yi hunturu a fadamunmu. A nuna musu inda ake rainon irin albasa, wadda nan da 'yan watanni za ta cika manyan motoci zuwa kudu. Shiga ruwa dai babu. Ko kududdufi ne ba ma yarda, don tsargiya a irin ruwan nan take kwance. A gona ma dokar ita ce kada yaro ya cusa hannu ƙarƙashin dami ko tarin harawa sai babba ya ɗaga da sanda, saboda maciji da kunama su ma lokacinsu ne. Rigakafi ya fi magani.

Wani ɗan unguwarmu da ya yi karatu a Ingila ya ba mu labarin tasu kakar. Ya ce can ganyen itatuwa ne ke rikiɗa ja da rawaya ya zube, iyalai su fita dazuzzuka kallo, a Amurka kuma a kai yara gonaki tsinkar tuffa da zaɓen kabewa. Liman ya saurara har ƙarshe, sannan ya nuna masa hanyar Gawon Nama ya ce, "Mu namu icce yanzu shika sa riga." Gawo ke nan. Duk damina yana tsaye tsirara, sai ruwa ya ɗauke, sauran itatuwa sun fara kaɗe ganye, shi kuma ya yi kore shar. Manomi ba ya sare shi, don ba ya tare wa shuka rana, ganyensa taki ne, 'ya'yansa abincin awaki. Duk fitar da za mu yi sai mun tsayar da yara a gindin gawo an ba su wannan labari. Daga nan a nuna musu kuka, da magarya wadda ta fara ɗaukar 'ya'ya, da aduwa, da kurna. Yaron da ya san sunan itace ba ya saurin kai masa gatari.

Akwai maganar da ba a so a yi a dakali amma dole a yi ta. Da yawa daga cikinmu asalinmu gabas ne, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah da Goronyo. A da, kaka na yi ake kwasar yara a kai su ƙauye su yi mako wurin kakanni. Yau 'yan bindiga sun sa wasu ƙauyukan ba su shiguwa, wasu kakannin ma su ne suka dawo birni suna zaune a ɗakunan aro. Wani dattijo da ya baro gonarsa ya taɓa bin mu Dundaye. Ya tsaya a bakin gonar da ba tasa ba, ya ɗebi ƙasa ya murza, bai ce komai ba. Da muka ga haka sai muka ba shi jagorancin yaran. Shi ya koya musu bambanta gero da maiwa, da yadda ake gane dawa ta isa yanka. Yanzu duk fita da shi ake yi, yara na kiransa Baba Sarkin Noma. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, ya mayar da kowa gonarsa. Kafin nan, ba ma nisa, ba ma kai magariba a waje, kuma ba ma zuwa inda ba mu da masani.

Ranar da ba a samu zuwa gona ba, birnin kansa ya isa yawo. Da sanyin la'asar mukan taka da yara cikin tsohon gari, mu bi ta ƙofar fadar Sarkin Musulmi, mu wuce Masallacin Shehu, mu isa Hubbare inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake kwance tun 1817. A yi sallama, a yi addu'a, a koya musu ladabin ziyara. A gaya wa 'yan mata labarin Nana Asma'u da jajis ɗinta masu malfa, waɗanda suke tafiya ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. A gaya musu Muhammadu Bello ne ya kafa garin nan a 1809, sannan a sa su lissafo ƙofofin ganuwa: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Kaɗe, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku, har su cika takwas. Wata rana a kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu su ga sulke da takubba da littattafan da aka rubuta da hannu. Idan an bi ta Giginya kuma a tsaya a ce musu a wannan fili ne Sarkin Musulmi Attahiru ya tari sojojin Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Duk wannan ba ya cin kuɗi sai na ƙosai da ruwan sha.

Daren farin wata kuwa na unguwa ne gaba ɗaya. A share fili, a yayyafa ruwa. Maza su yi langa, su yi kokawa a kan yashi, kowa na kwaikwayon gwanayen da yake gani a gasar kokawar takobi ta Nijar, wadda ake yi tun 1975 kuma mutanen Sakkwato ke bi kamar tasu. 'Yan mata su yi gaɗa da carafke. Ƙanana su kewaye tsohuwa tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi, hannunta na ɓarar wake. Mu manya muna dakali, ido na kansu. Ba mu hana su waya da talabijin ba, amma mun lura daren da aka share filin nan ba wanda ke tambayar waya.

Shekaranjiya kafin a tashi, an tsayar da Asabar mai zuwa. Direba zai kawo motarsa, mai shayi ya ce shi ma bana sai ya rufe tebur ya bi mu da 'ya'yansa biyu. Na shiga gida na tarar autata ba ta yi barci ba, ta jiyo mu ta taga. Ta riga ta ajiye takalminta da ɗan kwanon kalarta a bakin ƙofa. Ta ce, "Baba, saura kwana nawa?" Na ce huɗu. Ta ƙirga a yatsunta, ta ce in tashe ta tun kafin kiran sallah, kuma in tuna wa Baba Sarkin Noma ya yi mata alkawarin nuna mata ramin kurege.